Kalandar da Na Saka wa 'Yan Garinmu a Legas

Kuɗin motar da suka kai ni Legas na wake ne. Buhun da muka samu a gonar bayan rafi, wanda Yaya Lawan ya ce a ajiye har bazara ya yi tsada, ni kuma na ce ba zan iya jira ba. Na ɗaure shi a bayan babur ranar kasuwar Tsanyawa, na sayar wa wanda ya fara tayawa. Nura, ubanka, Yaya Lawan ɗin, bai ƙara yi min magana ba sai safiyar da zan tafi, shi ma abin da ya ce kawai, “Ka riƙe sallah.” Ku ci gaba da ɓarar gyaɗar nan, ba sai kun tsaya kuna kallon bakina ba. Ku kuka ce in ba ku labari tunda kun ƙudura tafiya in an gama girbi, to ga shi nan yadda ya zo.

Ba wani dogon dalili ne ya fitar da ni ba. Gona ce ta yi kaɗan. Da aka raba ta Baba a tsakaninmu, abin da ya zo hannuna in ka tsaya a wannan iyakar kana iya miƙa wa maƙwabci goro a waccan. Ga shi na yi aure, Sa'adatu ta tare, kuma ina ganin kamar na fi ƙarfin fartanya saboda na ɗan taɓa kwamfuta a wani shago kusa da kwalejin Bici. Taɓawa ce fa kawai, na iya buga takarda, na iya ciro hoto. Sa'adatu ba ta hana ni ba. Ta soya min ƙuli-ƙuli, ta ƙulle yaji a leda, ta raka ni har zaure ta koma. Ita ba mai yawan magana ba ce, kun dai ji ana faɗa.

A Agege na sauka, ɗakin wasu 'yan garinmu masu tura baro da masu acaɓa. Mai gidan, can lanlo suke cewa, wani tsoho ne mai tumbi, kullum yana baranda da rediyo a cinya. Ba ya kiran kowa da suna, dukanmu Malla ne. Rigimarmu ta farko a kan ruwan alwala ce. Na tsuguna a bakin kwata, ruwan ya gangara ya taɓa silifas ɗinsa.

“Malla! Ebri taim wata, wata! Yu bi fish?”

Na tambayi na kusa da ni me yake cewa. Aka ce wai ko ni kifi ne. Na ce a gaya masa kifi ba ya sallah. Ba wanda ya fassara, gara ma da haka, don da a ranar kayana za su kwana a titi.

Aiki kuwa a shagon wata Bayarabiya na samu, Iya Tobi, mu dai Madam muke ce mata. Ana buga takardu, ana hoton fasfo, ana yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa ta intanet. Ta kasa kiran Sabi'u, sai ta yanke shi ta ce Sabi, a bakinsu kuma sabi na nufin iyawa. Saboda haka in na yi kuskure tun daga bakin ƙofa za ka ji ta: “Sabi we no sabi!” Wato mai iyawar da bai iya ba. Maƙwabta su yi ta dariya. Tana da faɗa, in takarda ɗaya ta lalace sai ta ɗaga ta sama ta nuna wa duk wanda ke shagon. Amma ita ce ta ba ni tsohuwar laftof ɗinta da batirin ya mutu, allon kuma da wani layi kore daga sama har ƙasa, ta ce in je in yi ta wasa da ita ko kaina zai buɗe. Da na kai ta gida na jona, lanlo ya leƙo ta taga.

“Dis yo tibi de cof layit!”

Wai talabijin ɗina na cinye masa wuta. Na ce ba talabijin ba ce. Ya ce in dai tana haske talabijin ce. Har na bar gidan ba mu daidaita a kan wannan ba.

To, muna da ƙungiya ta 'yan yankinmu mazauna Legas, ana zama Lahadin farkon wata bayan la'asar a bayan masallaci. Shugabanmu Alhaji Ɗanlami ne, dillalin albasa, sakatare kuma Malam Garba. Wata rana Alhaji ya zo da zafinsa, ya ga 'yan wata ƙungiyar suna nuna shafinsu na intanet a waya.

“Mu ma a yi mana wafsai ɗin nan. Da me suka fi mu?”

Malam Garba ya gyara masa, ya ce wabsayit ake cewa. Wani dattijo mai gadi da ke gefe, kunnensa ba ya ji sosai, ya ce, “Wai Sa'idun wa ake ta faɗa ne?” Daga ranar sunan abin ya koma Sa'idu. Ana cikin dariya Alhaji ya nuna ni da carbi. “Ga yaron nan na shagon kwamfuta. Kai za ka yi.”

Ban iya ba, amma ban ce ban iya ba. Na yi ta kallon bidiyon koyarwa a shago in Madam ta fita cin abinci, wasu Indiyawa ne ke magana da sauri, sai in tsayar in mayar baya in tsayar. A haka na haɗa ɗan shafi. Hoton Alhaji da babbar riga a gaba, tarihin ƙungiya, hoton rijiyar da aka gyara a gida, shi ke nan. Aka yi tafi, kowa ya buɗe sau ɗaya ya ga Alhaji, ba wanda ya sake komawa. Ni kaɗai nake shiga in duba ko yana nan.

Abin da ya kawo kalanda, Alhaji ne ya rasa ɗaurin auren 'yar amininsa a Bici. An sa sanarwa a guruf ɗin waya, amma wa'azi da bidiyon 'yan siyasa da barka da Juma'a suka binne ta. Sai da aka yi aka gama ya ji. Ya zo taro ko gaisuwa bai amsa sosai ba.

“Sabi'u, Sa'idun nan naka ba zai iya riƙe rana ba? Irin kalandar bango nake so, mutum ya buɗe ya ga wane yana aurar da 'ya ran kaza, wane yana suna ran kaza. Na gida da na nan duka.”

Da farko da hannu na zana ta, gida-gida kamar ana yanka fulotai, kowane wata sai in sake sabo. A kwamfuta ta yi kyau, a waya kuwa gidajen suka hau kan juna, Laraba ta shige cikin Alhamis. Sai na ji akwai wadda aka riga aka ƙera, ɗaukowa kawai za ka yi ka maƙala a shafinka, filogin suke ce mata. Na ɗauko na maƙala. Shafin gaba ɗaya ya ɓace, fari fat, ba Alhaji ba rijiya. Na wuni ina zufa a shago, Madam tana wucewa tana cewa Sabi we no sabi, ba ta ma san me ya faru ba. Ashe biyu na saka, suna faɗa da juna. Na cire ɗaya, komai ya dawo.

Ba a nan ta tsaya ba. Abin ya zo da agogon wata ƙasa can, ban lura ba. Walimar saukar Alƙur'ani ta ɗan wani mamba, na sa ranar Asabar da safe, ta fito wa mutane ranar Juma'a. Mutum uku suka yi wanka suka sa shadda suka hau mota har unguwar Mil Tuwal, suka tarar da matar gida tana wankin kaya. Ɗayansu har shago ya biyo ni.

“Kai ne mai kalanda?”

“Ni ne.”

“To ta gidanku haka take tafiya, gaba da rana?”

Na ba shi haƙuri, na nemo inda ake saita agogo na mayar da shi na Najeriya. Sai Alhaji ya ce shi kuma ina watan Musulunci, kalandar Nasara kaɗai za mu bi? Na saka. Ita kuma na'ura lissafinta take yi, ba ruwanta da ganin wata, saboda haka duk ƙarshen wata sai na saurari sanarwa in shiga in matsar da hannu. Na raba launi: aure kore, suna shuɗi, taron ƙungiya rawaya. Aka zo kan rasuwa aka yi ta musu a taro. Wasu suka ce mutuwa ba biki ba ce da za a sa ta a jerin bukukuwa, wasu suka ce to ta yaya na nesa zai san ranar addu'a ya kira ya yi gaisuwa. Alhaji ya yanke, ya ce a saka. Na ba ta ruwan toka.

Ƙarshen abin da na ƙara shi ne tunatarwa. Yawancin mutanenmu ƙaramar waya gare su, ba sa shiga shafi. Na haɗa kalandar da masu tura saƙon tes da yawa lokaci guda, ƙungiya ke sayen katin. Duk abin da na saka, ana gobe za a yi shi da hantsi saƙo zai tafi da kansa ga duk lambar da ke ciki, ko ina barci ko ina kan hanya. Na zuba lambobin na Legas, na zuba na gida, har da na 'yan garinmu da ke Fatakwal da Anaca da waɗanda suka ƙetare ƙasa. Wannan kam mutane sun so shi. Tsofaffi a nan gida suna cewa Sabi'u ya zama ɗan jarida.

Daga nan wayata ba ta ƙara hutawa ba. In an haihu ni ake fara kira, in an sa rana ni, in an rasu ni. Wani lokaci kafin a gaya wa ɗan mamacin da ke Legas an riga an gaya min, a ce in dakata kada in saka sai an sanar da shi. Da farko in aka ce wane ya rasu sai in ajiye abin da nake yi, in tuna fuskarsa, in yi salati. Ana tafiya ana tafiya sai na ji bakina ya riƙe tambayoyi uku. Sunansa cikakke? Wane gari? Yaushe ne addu'a? In rubuta, in zaɓi launi, in danna, in koma kan takardar kwastoma. Malamin da ya koya min alif da ba, shi ma ya rasu, na saka shi tsakanin wani ɗaurin aure da taron wata, na je na sayi wake da burodi na ci. Ban lura wani abu ya canza a jikina ba. Ba zafi, ba daɗi, aiki ne.

Gida kuwa sai da sallah nake zuwa, in yi 'yan kwanaki in juya. Muna waya da Sa'adatu, gajeriya. Lafiya lau, Inna na gaishe ka, akuya ta haihu. Wata rana ta ce, “An ce gobe auren 'yar gidan mai unguwa, a wayar Yaya aka gani.” Na ce e, ni na saka. Ta ce, “To kai yaushe za ka saka ranar zuwanka?” Ta faɗa tana dariya, ni ma na yi dariya, kati ya ƙare.

Mun ɗan jima ba haihuwa, sai a shekara ta huɗu ta samu ciki. Watan haihuwar ya faɗo daidai lokacin rajistar jarrabawa, lokacin da shago ke cika tun safe, ɗalibai har kan titi. Na ce wa Madam ina son tafiya. Ta dafe kai.

“Nau? Sabi, yu wan kil mi?”

Wai yanzu, so nake in kashe ta? Ta ce in bari a rufe rajista ranar Asabar, Lahadi in kama hanya, ita da kanta za ta sayi kayan jariri ta ba ni. Na ga maganarta ba ta kauce ba. Na yarda.

Ranar Talata Yaya Lawan ya kira, ya ce an sauka lafiya, mace. Aka kai wa Sa'adatu wayar, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce yarinyar da hancina ta zo, Allah Ya sa kada ta ɗauko taurin kaina. Na ce ina nan tafe, Litinin ina gida in sha Allahu. Da na ajiye waya na buɗe kalanda. Shekaru ina saka sunan 'ya'yan mutane, yau ga nawa. Na zaɓi Talata mai zuwa, na ba ta shuɗi, na tsaya na tsara kalmomin a hankali, har na goge na sake. Na nuna wa Madam. Ba ta jin Hausa, amma ta yi rawa a tsakiyar shago.

Ranar Asabar wajen azahar ina cike wa wata yarinya rajista, waya ta yi ƙara. Yaya Lawan ne. Bai yi sallama yadda ya saba ba.

“Sabi'u, kana zaune?”

“Ina zaune.”

“Sai haƙuri. Sa'adatu ce. Tun jiya take kukan ciwon kai, da safen nan jijjiga ta kama ta. Mun sa ta a mota, ba mu kai asibiti ba.”

Na ji bakina yana shirin cewa wane gari. Na kama shi. Na ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar fa?” Ya ce tana nan, tana hannun matarsa. Ya ce ba za su jira ni ba, bayan la'asar za a kai ta. Na ce haka ya kamata.

Na ajiye wayar. Yarinyar da ke gabana ta ce, oga, saura hoto. Na saka mata hoton, na duba sunanta bai karkace ba, na ciro takardar na miƙa mata. Na kira na gaba. Sai da na yi wa mutum biyu Madam ta lura da fuskata, ta tambaya, na gaya mata kamar yadda zan ce tawada ta ƙare. Matar nan ta zube a ƙasa, ta yi ta kuka da yarensu tana dukan cinya, tana cewa ita ce ta riƙe ni. Ni ne ma nake ba ta haƙuri. Ta kori ɗaliban, ta rufe shago a ranar da ta fi kowace rana ciniki, ta kai ni tasha da kanta. Ledar kayan jaririn tana hannunta, ta rasa ko ta ba ni ko kada ta ba ni. Na karɓa.

Hanyar ba abin da zan ce muku a kanta. Na zauna, mota ta tafi. Na kusa da ni ya ba ni rake na sha. Ina ta jira wani abu ya taso min daga ƙirji, ina jin kamar wanda ƙafarsa ta yi sanyi don dogon zama, ka san taka ce amma ko ka mintsine ta ba ka ji. Na sauka Kano, na shiga ƙaramar bas ta Tsanyawa, na iso Lahadi da rana. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, nan inda muke zaune yanzu. Yaya Lawan ya kai ni maƙabarta ya nuna min. Ƙasa ce ja, an dasa reshe a kai. Na yi addu'a. Na lura reshen ya karkace, na gyara shi.

Litinin aka yi addu'ar uku. Ƙofar gidan nan ta cika, liman yana gaba, an kawo gumba ana rabawa. Kabiru, kai kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Liman ya ɗaga hannu ke nan an yi tsit, sai wayar Yaya Lawan ta yi ƙara a aljihu. Sai ta mai unguwa. Sai ta bayana, sai ta can gefe, ƙit-ƙit, ƙit-ƙit, tabarma bayan tabarma, kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Tawa ma ta motsa a cinyata. Tun kafin in duba na san mene ne. Ko sau ɗaya abin bai faɗo min a rai ba tun ranar Asabar.

Liman ya daure ya kai ƙarshen addu'a, aka shafa. Wani tsoho da bai iya karatun boko ba ya miƙa wa na kusa da shi waya, ya ce duba min, ko 'ya'yan nan ne suka turo saƙo. Shi kuma bai tsaya ya karanta a zuci ba, ya ɗaga murya:

“Tunatarwa daga ƙungiya. Gobe Talata da safe za a raɗa sunan 'yar Sabi'u a gidansu. Mai jego da jaririya suna…”

Ya tsaya. Suna lafiya, haka na rubuta, Allah Ya raya. Kowa ya riga ya gani a tasa wayar. Ba wanda ya kalle ni, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. A cikin gida ma akwai masu waya, sai muka ji kukan mata ya tashi sabo. Ni kuwa abin da ya zo min a rai, kuma ina gaya muku ne yadda ya faru, shi ne ashe saƙon yana isowa ƙauye a kan lokaci. Kullum ina Legas ina turowa, ban taɓa ganin saukarsa ba.

Sai kira ya fara shigowa. Na Legas sun ji rasuwa, amma na Fatakwal da na Anaca da na ƙetare ba su ji ba.

“Ango, ango! Barka, barka! Allah Ya raya mana. Ina mai jego?”

Na ce amin, na gode.

Wani ya kira, ya ce a shafa masa kan jaririya, a gaida amarya da jiki. Na ce za ta ji. Haka na yi ta amsawa, ban gyara wa kowa ba, don gyaran yana bukatar wani ƙarfi da ban same shi a jikina ba. Yaya Lawan yana gefe yana ji. Da aka kai na biyar ko na shida ya miƙo hannu ya zare wayar daga kunnena, ya tashi ya koma bayan gida. Ina jiyo shi yana maimaita magana ɗaya ga mutum bayan mutum har azahar. Ubanka ke nan, Nura. Bai taɓa tayar min da zancen ba har yau.

Washegari bayan asuba aka raɗa suna, mu kaɗan a zaure, aka yanka ragon ba hayaniya. Aka mayar mata da sunan uwarta. Ita ce Ummi, wadda kuke aika ta sayo muku gishiri tana murguɗa muku baki. Innarka ce ta shayar da ita, Nura, shi ya sa take ce maka Yaya da gaske. Da aka miƙo min ita na karɓa, na ga hancin da aka faɗa. Ba ta da nauyi. Na riƙe ta har aka ce in kawo.

Ban yanke shawarar zama ba, kawai dai ban koma ba. Aka yi bakwai na ce sai an yi arba'in, aka yi arba'in sai ga ruwa ya sauka, na ɗauki fartanyar da na raina na bi Yaya. Madam ta kira sau da yawa, daga baya ta haƙura. 'Yan ɗakinmu suka aiko min da jakata a motar albasa, laftof ɗin kuma lanlo ya riƙe, wai ladan wutar da ta ci. Mutane suna ta yaba min, wai Sabi'u akwai tawakkali, ko hawaye bai yi ba. Ina jin su kawai. Tawakkali abu ne da mutum ke yi da zuciyarsa. Ni tawa ban san inda ta shiga ba a lokacin, kuma ba zan ce muku ta gama dawowa ba.

Kada ku zuba min ido kuna jira in ce kada ku je. Gonar ba ta ƙara faɗi ba tun da na tafi, ku ma kuma za ku yi aure. Legas ba ta cuce ni ba, na ci abinci, na koyi abu, na haɗu da mutanen kirki da na banza kamar ko'ina. In za ku je ku je.

Kalandar kuwa ta tsaya a inda na bar ta, ba mai shiga ya saka komai, don ni kaɗai na san kalmar sirrin buɗe ta. Ana cikin noman farko, ina gona da hantsi, sai ga kiran Malam Garba sakatare. Ya yi min gaisuwa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce mutane suna ta tambaya, ga aure ga suna sun taru, sun samu wani zai ci gaba da kula da Sa'idu, ko zan taimaka da fasuwod ɗin. Na ce ba komai, ya rubuta.

Na ce, “Sa'adatu.”

Ya ce, “Allah Ya jiƙanta. Fasuwod ɗin nake nufi, Sabi'u.”

Na ce, “Shi na faɗa maka.”

Na ji yana gaya wa wani a gefe, na ji ana danne-danne. Ya dawo ya ce ta ƙi buɗewa. Na ce harafin farko babba ne. Suka gwada, ta ƙi. Na ce akwai ɗan waƙafin nan na sama bayan a ta farko, kada su bar shi. Ya ce in bi masa ɗaya bayan ɗaya don kada a sake kuskure. Na jingina fartanya a ƙafata, na tsaya a tsakiyar gero, na bi masa sunan harafi-harafi, yana maimaitawa bayana, har muka kai ƙarshe.

Ya ce, “Ta buɗe.”

Na ce to, madalla.

Ya ce in suna so su canza shi fa, ko akwai damuwa?

Na ce su canza, ai nasu ne yanzu. Na mayar da wayar aljihu, na duba inda na tsaya a kunya, na sunkuya.